Macijin JAMB da masu sa ido kan kuɗin gwamnati

A watan Fabrairun 2018 wani labari ya karaɗe Najeriya: Naira miliyan 36 sun yi ɓatan dabo a ofishin Hukumar JAMB da ke Makurɗi a Jihar Binuwai, kuma da masu bincike suka tambayi ma'aikaciyar da kuɗin ke hannunta, sai aka ruwaito ta ce maciji ne ya haɗiye su. An yi ta dariya a Facebook, an yi ta zanen maciji da ciki ƙato. Amma kuɗin nan na katin rajistar jarrabawa ne, wato kuɗin da iyayen ɗalibai irinku suka biya, wasu sai da suka sayar da akuya. Daga bisani Hukumar EFCC ta gurfanar da ma'aikaciyar a kotu.

Abin tambaya shi ne, wa ya gano kuɗin sun ɓata, kuma wa ke da alhakin tambaya? Kafin a amsa sai an san yadda aka gina aikin gwamnatin tarayya.

A saman kowace ma'aikata akwai minista. Shugaban ƙasa ne ke naɗa shi, Majalisar Dattawa ta tantance shi, kuma Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce dole kowace jiha ta samu aƙalla minista ɗaya. Minista baƙo ne, yau yana nan gobe an sauya shi. Masu gidan su ne ma'aikatan gwamnati, waɗanda ke hawa daga mataki zuwa mataki har na 17, su yi ritaya idan sun cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 a bakin aiki, duk wanda ya riga zuwa. Babban Sakatare ne shugabansu a ma'aikata, kuma shi ne ke amsa tambaya kan yadda aka kashe kuɗinta. Ƙarƙashin ma'aikatu kuma akwai hukumomi ɗaruruwa. JAMB, wadda aka kafa a 1978, tana ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, haka ma NECO.

Yawan hukumomin ya daɗe yana damun gwamnati. Kwamitin Stephen Oronsaye ya ƙirga guda 541 a rahotonsa na 2012, ya ba da shawarar a soke wasu a haɗe wasu. Rahoton ya shafe shekara goma sha biyu yana shan ƙura kafin gwamnatin Bola Tinubu ta sanar a 2024 cewa za ta yi aiki da shi.

Kun sha jin an ce takarda ta maƙale a ofis. Dalili shi ne komai a rubuce ake yin sa: fayil ya tashi daga tebur zuwa tebur, kowane jami'i ya rubuta ra'ayinsa ya sa hannu. Abin yana da cin rai, kuma wasu na fakewa da shi su nemi na goro. Sai dai wannan sa hannun shi ne sawun da mai bincike ke bi idan kuɗi sun ɓata.

Babban mai bin sawun shi ne Odita-Janar na Tarayya, wanda sashe na 85 na kundin tsarin mulki ya ɗora wa duba asusun gwamnati. Majalisar Dokoki ta Ƙasa yake miƙa wa rahotonsa, cikin kwana 90 da karɓar bayanan kuɗi daga Akanta-Janar. Kwamitocin kula da asusun gwamnati na majalisun biyu, waɗanda bisa al'ada ɗan jam'iyyar adawa ke shugabanta, sai su kira shugabannin ma'aikatu su zo su yi bayani. Akwai giɓi a nan da ya kamata ku sani: sashen bai ba Odita-Janar damar binciken asusun hukumomi irin su JAMB da kansa duk shekara ba. Yakan ba su jerin ƙwararrun masu bincike su zaɓa, ya yi sharhi a kan rahotonsu, ya kuma leƙa lokaci-lokaci. Ga shi rahotannin kan fito a makare, wani lokaci wanda ake tuhuma ya riga ya bar kujerar. A ganina wannan jinkirin ya fi kowane maciji ɓarna.

Maganar Makurɗi daga cikin gida ta fito. Bayan an naɗa Farfesa Ishaq Oloyede shugaban JAMB a 2016, hukumar ta daina sayar da katin rajista, ta tura masu bincikenta ofisoshin jihohi su ƙirga abin da aka sayar a baya. A 2017 ta zuba Naira biliyan 7.8 a asusun gwamnati, adadin da ya sa aka fara tambayar ina kuɗin shekarun baya suka shiga. Ɗalibai sun gani a aljihunsu: daga 2019 kuɗin fom ya sauka daga Naira 5,000 zuwa 3,500. Tsarin asusun bai-ɗaya, wanda aka tilasta a 2015, shi ma ya rage wa hukumomi damar ɓoye kuɗin shiga a bankuna daban-daban.

Akwai kuma ICPC, da Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata wadda jami'ai ke bayyana wa kadarorinsu, da Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da aka kafa tun 1975, inda talaka zai kai ƙarar ofishin gwamnati kyauta.

Wadda ta fi kusa da ku ita ce Dokar 'Yancin Samun Bayanai, da Goodluck Jonathan ya sanya wa hannu a watan Mayun 2011. Kowa na iya rubuta wa hukumar tarayya takarda yana neman bayani, misali nawa aka ware don gyaran ɗakunan kwanan wata kwalejin gwamnatin tarayya da kuma kamfanin da aka ba kwangilar. Ba sai ya faɗi dalilinsa ba. Hukumar na da kwana 7 ta ba da amsa, ko ta rubuto dalilin ƙin bayarwa. Da yawa kan yi kunnen uwar shegu da irin waɗannan takardu, shi ya sa masu nema ke riƙe kwafi mai hatimin ranar da aka karɓa. Idan wa'adin ya wuce shiru, doka ta ɗauki shirun a matsayin ƙi, kuma mai nema na da kwana 30 ya garzaya kotu.