Ko Kun Sani?

A Dogon Daji da sauran garuruwan Tambuwal da Kebbe, Agusta ne watan da ya fi kowane ruwa. Lokacin malka ke nan: hadari ya rufe sama, a wuni ana yayyafi, zafin da ke haura digiri 40 a Afrilu ya sauko wajen 30.

Farin hazon da ke kwanciya a fadamu da asuba, daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba, ba ƙura ba ce irin ta hunturu da iska ke kwasowa daga Chadi. Ruwa ne zalla. Ƙasa ta ƙoshi. Idan sama ta washe da dare sai iskar da ke dab da ƙasa ta huce, danshinta ya zama ƙananan ɗigo masu yawo. Hantsi na dubawa ya watse. Raɓa ma haka take samuwa, kuma ita da sauran laimar ƙasa ke taimakon wake da dawa idan ruwa ya fara ja baya.

Amma gero da aka yanke ba ya son wannan laima. A bari ya bushe sarai kafin a kai rumbu. Direbobin hanyar Sakkwato zuwa Jega, don Allah ku kunna fitila, ku rage gudu da asuba saboda wannan hazon.