Kafiretar tsohuwar Fijo ba ta son waya

A 1968 aka fito da Fijo 504 a Faransa, daga 1975 kuma aka shiga haɗa ta a kamfanin Peugeot na Kaduna. Har yau akwai masu riƙe da ita suna lallaɓawa, kuma yawanci kafireta ce ke kai su gareji.

Aikin kafireta gauraya iska da fetur, kusan awo 15 na iska ga awo 1 na mai. Man yana bi ta wasu 'yan ƙananan ƙusoshin tagulla masu huda da kanikawa ke kira jet, wasunsu ramin bai kai kan allura ba. Ƙurar hunturu, tsatsar tanki, man bumburutu mai ruwa, ko fetur da ya kwana watanni ya yi danƙo, kowanne yana iya toshe su. Sai mota ta ƙi tsayawa a silo, ko ta riƙa shaƙewa in an taka totur.

A nan ake ɓarnar. Yaron gareji ya zaro tsinken waya ya zura a jet, mota ta tashi, mai ita ya tafi yana sa albarka. Ai tagulla ba ta da taurin ƙarfe: wayar ta buɗe ramin ke nan har abada. Kwana biyu sai baƙin hayaƙi a salansa, fulogi ya yi baƙi ƙirin, mota ta koma shan mai. Gwanin makanike jiƙa jet yake yi a maganin wanki, ya hura shi da iskar kwamfuresa, ya ɗaga shi a rana ya ga haske ya ratsa.

Sai fulot, ɗan tulun da ke yawo a kwanon mai yana rufe allurar shigowar fetur in kwanon ya cika. A girgiza shi kusa da kunne. In an ji motsin ruwa, ya huje, canji kawai. Sukurun silo kuwa, a ƙirga zagayensa kafin a kwance, kada kuma a matse shi da ƙarfi, bakinsa siriri ne.

Tsohon gasket ba ya komawa. Mai irin wannan mota ya leƙa Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya nemo sabo tare da filtar mai, kafin makanike ya sa sukundireba.