Gidajen Gona Masu Saukar Baƙi a Lardin Puliya na Italiya

A kudu maso gabashin Italiya, inda ƙasar ta tsuke ta miƙe cikin bahar, akwai lardi da a ke kira Puliya, babban birninsa Bari. Malaman tarihi sun san sunan birnin nan, gama Musulmi sun riƙe shi daga shekarar 847 zuwa 871. Ƙasa ce mai duwatsu da ƙarancin ruwa, arzikinta kuwa tun zamanin Rumawa zaitun ne da alkama.

Wanda ya bar birni ya shiga karkara tsakanin Monopoli da Fasano da Ostuni, zai riƙa ganin manyan gidajen gona farare fat, kowanne da katanga mai tsawo, waɗansu har da hasumiya. Sunansu masseria. An yi musu ginin yaƙi ne domin 'yan fashin bahar sun daɗe suna kamun mutane a gaɓar nan, kuma mutane ba su mance da yadda Turkawa suka ci Otranto a 1480 ba. A ƙarƙashin waɗansunsu akwai kogo da aka fafe cikin dutse, inda alfadari ke juya dutsen niƙa ana tatsar mai.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu samari suka watse zuwa masana'antun arewa da Jamus, gidaje da yawa suka zama kufai. A 1985 gwamnatin Italiya ta kafa dokar da ta yarda manomi ya sauki baƙi a gonarsa, ya ciyar da su, ya karɓi kuɗi. Aka sabunta ta a 2006. Sharaɗin shi ne noma ya rinjayi saukar baƙi, abin da za a ci kuma mafi yawansa ya fito daga gonar ko daga gonakin yankin. Mai ciniki zai gane ribar da ke nan ba sai an yi masa dogon bayani ba. Man da manomi ke sayar wa dillali a ganga da araha, yanzu shi ne ya ke zuba wa baƙo a kwano, baƙon kuma ya sayi kwalba ya tafi da ita gida, ba mai cin la'ada a tsakani.

To, abincin fa? Abin mamaki, na talakawan dā ne, wanda yunwa ta koya musu. Akwai busasshen wake mai faɗi da a ke dafawa har ya faɗa, a tuƙa shi da laushi, a haɗa da wani ganye mai ɗaci, a kwarara mai a kai. Akwai taliyar hannu da mata ke murzawa da wuƙa da babban yatsa, sunanta orecchiette, watau ƙananan kunnuwa, gama haka siffarta ta ke. Akwai gurasa da a ke gasawa sau biyu har ta bushe ƙayau ta yi watanni ba ta lalace ba, sai a tsoma ta a ruwa, a matse tumatir a kai, a barbaɗa gishiri. Da fatake masu tafiya Gwanja sun same ta, da ba su raina ta a guzuri ba. Sa'an nan ga cuku mai suna burrata, wanda in an yanka shi sai madara mai kauri ta malalo daga ciki. Da hantsi baƙo ya koyi murza taliya wajen uwargida, da la'asar ya gangara mil kaɗan zuwa Savelletri a bakin bahar, inda a ke fasa wata halitta mai ƙaya kamar bushiya a ci cikinta ɗanye. Amma Musulmi ya tambaya kafin ya miƙa hannu, domin naman alade da giyar inabi ba sa rabuwa da teburinsu. Kifi da wake da cuku sun ishe shi.

Harkar ta bunƙasa har attajirai suka shigo suna gina masaukai masu kama da gidan gona, ko da ya ke noman da ke cikinsu na ado ne. A irinsu, kusa da Fasano, shugabannin manyan ƙasashe bakwai suka yi taronsu a watan Yuni na 2024.

Sai dai itacen da ya ɗauki nauyin duk wannan yana cikin haɗari. A 2013 aka gano wata cuta mai suna Xylella kusa da Gallipoli. Wani ɗan ƙwaro mai tsotson ruwan tsiro ke ɗaukarta daga itace zuwa itace, ita kuwa ta toshe hanyoyin ruwa, reshe ya bushe, daga baya itacen duka. Ta kashe miliyoyin itatuwa a yankin Salento, ta matso arewa har ta iso filin Ostuni da Fasano, inda tsofaffin itatuwa masu ɗaruruwan shekaru su ke, waɗanda dokar lardin ta 2007 ta hana sarewa. Ba a sami maganin da ke warkar da ita ba. Manoma suna kaftu da bazara don kashe ƙwaron tun yana cikin ciyawa, suna kuma dasa iri biyu masu jurewa, Leccino da Favolosa, ko su ɗaura rassansu a jikin tsohon itace tun cutar ba ta kama shi ba.