Ƙarar da Babu Mai Ji Sai Kai

 Yau a shirin namu na musamman kan kunne za mu tsaya, kan ƙarar nan da mutum ke ji shi kaɗai, na kusa da shi bai ji komai ba. Wani kukan gyare yake ji, wani fito, wani kuma shuuu ba ƙaƙƙautawa. Wani babban nazari da aka fitar a 2022 ya kiyasta cewa manya 14 cikin 100 na fama da ita, sama da mutum miliyan 740 ke nan a duniya. Likitoci sun ce ba cuta ba ce mai zaman kanta, alama ce. Yawanci ji ne ya fara raguwa, ko don shekaru ko don hayaniya, sai ƙwaƙwalwa ta shiga cike giɓin da sautin da ta ƙirƙira da kanta. To, wannan ke nan.

Ku biyo ni birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, shekarar 1801. Akwai wani makaɗi Bajamushe, Ludwig van Beethoven, yana da shekara 30, tauraronsa na haskawa, amma yana ɓoye wani abu. A wasiƙar da ya aika wa amininsa, wani likita mai suna Wegeler, ya fasa ƙwai: kunnuwansa na kuka dare da rana, jinsa kuma na tafiya. Ku dubi wannan lamari, makaɗi fa, wanda da kunne yake cin abinci! Me likitocin zamanin suka yi masa? Wani ya ba shi man almon ya riƙa sa wa a kunne. Shiru. Wani ya ce wanka da ruwan sanyi. Wani ya ce a'a, da ruwan kogin Danub mai ɗumi-ɗumi za a yi. Sai kuma wanda ya fi ba ni tausayi: aka riƙa ɗaura masa ɓawon wani itace a damatsa biyu har fata ta yi bororo, wai don a jawo cutar waje. Mai kaɗa fiyano, a hana shi amfani da hannayensa kwana da kwanaki! Ya rubuta cewa ƙarar ta ɗan lafa, musamman a kunnen hagu, amma jin bai dawo ba ko kaɗan. Da kurumtarsa ya rasu a 1827.

Daga waccan wasiƙa zuwa yau fiye da shekara 200 ke nan, har yanzu ana neman itacen da zai kashe wannan ƙara. Wanda ya fi suna shi ne ginkgo, wata daɗaɗɗiyar bishiya ta ƙasar Sin. Ana sarrafa ganyenta a mayar ƙwaya, za ku gan ta a kemis, za ku ga tallarta a waya, da alkawura iri-iri. To an gwada ta, kuma gwaji na gaske. A 2001 masu bincike a Jami'ar Birmingham ta Ingila suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi da mutum 1,121. Wasu aka ba su ginkgo, wasu aka ba su ƙwayar da babu komai a cikinta, na tsawon mako 12, babu wanda ya san wacce yake sha. Da aka zo lissafi, duk kanwar ja ce. Ina maimaitawa: wanda ya sha ginkgo bai fi wanda ya sha ƙwayar banza samun sauƙi ba. Ga shi kuma tana iya ƙara haɗarin zubar jini ga mai shan maganin tsinka jini.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, itacen da muka tabbatar yana taɓa wannan ƙara, kawo ta yake yi. Iyayenmu da suka sha kwinin don zazzaɓin cizon sauro sun san zancen: kwana biyu, kunne ya ɗauki kuka. Kwinin kuwa daga ɓawon wata bishiya ta Kudancin Amurka aka samo shi. Asfirin ma idan ya yi yawa haka yake yi. Waɗannan galibi da an daina sha ƙarar kan tafi. Amma allurar jentamaisin da ake yi barkatai a wasu shagunan magani, ita ɓarnarta kan zauna har abada. Don Allah a kiyaye.

Na san wani zai ce, malam, man tafarnuwa fa? Ruwan albasa fa, ko man habbatus sauda? Ba na raina abin da muka gada. Idan dauɗar kunne ce ta toshe hanya, ɗigon man zaitun kan tausasa ta, in ta fita ƙarar na iya bin ta. Amma idan dodon kunne ya fashe, ko kunne na zubar da ruwa, duk abin da aka ɗiga ciki zai wuce inda bai kamata ba. A bari ma'aikacin lafiya ya leƙa tukuna. Tsinken ashana da gashin kaza kuwa, a raba su da kunne.

To mene ne ke taimakawa? Wani likitan Faransa, Jean Itard, ya rubuta shi tun 1821, Beethoven na raye. Ya lura masu wannan lalura da dare suka fi shan wuya, lokacin da gari ya yi tsit. Sai ya ce a ba kunne wani sautin. Mai jin ƙara kamar ta iska, a hura masa wuta mai ruri a ɗakin kwana. Mai jin fito, a sa ɗanyen itace a wutar, don tsuwar da yake yi. Ko a bar ruwa yana ɗiga cikin tasar tagulla. Dabarar nan ita ake bi har gobe, kayan aikin ne kawai suka sauya: fanka, rediyo ƙasa-ƙasa, ko sautin ruwan sama a waya. Ba a so ya danne ƙarar gaba ɗaya, a bar su su gauraya, a hankali ƙwaƙwalwa ta daina ɗaukarta da muhimmanci. Mai raunin ji kuma, na'urar ƙara ji kan rage masa ita. Akwai kuma zama da masanin halayyar ɗan'adam, wanda bincike ya nuna yana rage damuwa da rashin barci, ko da ƙarar na nan.

Sai kuma batun kariya da zuwa asibiti. Masu injin niƙa, maƙera, masu kwana kusa da janareta, masu tsayawa gaban lasifika a gidan biki, a nemi abin toshe kunne. Idan ƙarar a kunne ɗaya take, ko tana bugawa tare da bugun zuciya, ko ta zo da jiri, a je asibiti, a auna har da hawan jini. Idan kuwa ji ya ɗauke farat ɗaya, ranar za a tafi, ba gobe ba. Akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna, akwai sashen kunne da hanci da maƙogwaro a asibitocin koyarwa, irin su na Malam Aminu Kano.