Dokar Gidan Raino a Jiha Ake Rubuta Ta

A watan Disamban 1971 majalisun dokokin Amurka biyu suka miƙa wa Shugaba Richard Nixon wani ƙuduri da zai kafa tsarin rainon yara da karatun share fage a faɗin ƙasar da kuɗin tarayya, talaka ya samu kyauta, mai hali ya biya gwargwadon ƙarfinsa. Nixon ya hau kujerar na-ƙi, bisa hujjar cewa ƙudurin zai raunana iyali ya fifita raino irin na gama-gari. Sai da aka shekara 50 kafin wata dama mai wannan girma ta sake zuwa. A 2021 majalisar wakilai ta amince da babban ƙudurin Shugaba Joe Biden, wanda ya tanadi kusan dala biliyan 400 don raino da ajin share fage, amma ya je majalisar dattawa ya maƙale. Ko dala biliyan 24 da aka raba wa gidajen raino don kada su durƙushe lokacin annobar korona, wa'adinta ya ƙare a ƙarshen Satumban 2023. Duk da haka akwai wurare a Amurka da harkar raino ta canza sosai a 'yan shekarun nan, kuma idan aka bi sawun canjin, a majalisar jiha ko ta gunduma ake iske shi. Wannan ne ya sa nake ganin ƙananan rassan ƙungiyoyin malaman yara, waɗanda jaridu ba su cika kula su ba, sun fi hedikwatocinsu amfani a fagen neman gyaran doka.

Babbar ƙungiyar masu wannan sana'a a Amurka ita ce NAEYC, wadda tushenta ya faro a 1926, ta kuma ɗauki sunan da take da shi yanzu a 1964. Hedikwatarta tana Washington, tana da rassa kimanin 50 a jihohi da wasu manyan birane. Abin lura shi ne, yawancin ƙa'idojin da suka shafi yaro ɗan ƙasa da shekara biyar ba a Washington ake tsara su ba. Jiha ce ke ba gidan raino lasisi. Ita ke faɗin yara nawa ya halatta mai raino ɗaya ta riƙe, wace takardar shaida za ta mallaka, nawa gwamnati za ta biya kan ɗan talakan da ke karɓar tallafi, da kuma iyakar samun da iyali zai wuce a ce ya fi ƙarfin tallafin. Ko kuɗin da tarayya ke turowa, jiha ce ke tsara rabonsa. Aikin reshe kuwa ba shi da armashi a ido: karanta daftarin ƙa'ida da hukuma ta fitar a rubuta mata gyara kafin wa'adi ya cika, bin diddigin kasafi a kwamiti, gayyato ɗan majalisa ya zo ya zauna kan 'yar kujerar yara ya ga yadda safiya take, da koya wa malama yadda za ta faɗi damuwarta cikin minti biyu ko uku da ake ba mai ba da bahasi a zaman sauraron jama'a.

Abin da malamar ke ɗauke da shi zuwa wannan zama lissafi ne da ɗan majalisa bai taɓa zama ya yi ba. A jihohi da yawa doka ta ce mai raino ɗaya ba za ta riƙe jarirai fiye da huɗu ba, kuma duk wanda ya taɓa ganin jarirai biyu sun tsanyare da kuka lokaci guda ba zai ce dokar ta yi tsauri ba. To amma gidan raino yana buɗewa tun kafin iyaye su tafi aiki, ba ya rufewa sai sun taso, wato awa goma ko fiye, abin da ya wuce aikin mutum ɗaya a yini. Ke nan kuɗin iyaye huɗu ne zai biya albashin fiye da mutum ɗaya, ya biya haya da inshora da abinci da wuta, da wadda za ta tsaya idan mai ɗakin ta kwanta ciwo. A ƙara kuɗi, iyaye su janye. A ƙara yara, an taka doka, an kuma saka jarirai cikin haɗari. Ƙofa ɗaya ta rage, ita ce danne albashi, shi ya sa a 2023 matsakaicin abin da mai raino ke samu a Amurka bai kai dala 15 a awa ba. Da ta ga shagon sayar da kaya ko gidan abinci ya fi biya, sai ta ajiye aikin, ɗakin jarirai ya rufe alhali iyaye na jerin jira. Ma'aikatar baitulmalin Amurka da kanta ta bayyana a wani rahoto na 2021 cewa kasuwa kaɗai ba za ta warware wannan ƙulli ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a nan mai ɗakin ita ce wadda ke canza wa jariran ƙunzugu.

Jihohi biyu sun nuna abin da ke faruwa idan wannan lissafi ya isa kunnen masu doka ya ƙi fita. A Vermont, jihar da mutanenta ba su kai 700,000 ba, ƙungiyar Let's Grow Kids ta ja ragamar fafutika ta kusan shekara goma, tare da reshen NAEYC na jihar da iyaye da 'yan kasuwar da suka gaji da rasa ma'aikata saboda rashin wurin ajiye yaro. A 2023 majalisa ta zartar da dokar da ta ɗora harajin kashi 0.44 cikin ɗari kan albashi, mafi yawansa a wuyan masu ɗaukar aiki, don samar da kimanin dala miliyan 125 a shekara. Gwamna Phil Scott ya hau kujerar na-ƙi, majalisa ta tara ƙuri'un da suka rinjaye shi. A New Mexico, ɗaya daga jihohi mafi talauci, an fi shekara goma ana neman a ƙara abin da ake cirowa daga asusun dindindin na jihar, wanda kuɗin mai da gas ke cikawa. Ƙudurin yakan mutu a kwamitin kuɗi na majalisar dattawan jihar, har sai da shugaban kwamitin, John Arthur Smith, ya faɗi zaɓen fid da gwani a 2020. A Nuwamban 2022 aka kai maganar gaban jama'a, kusan kashi 70 cikin ɗari suka amince a gyara tsarin mulkin jihar a ƙara cirar kashi 1.25, a ba ƙananan yara kaso mafi tsoka. Ba wanda zai ce reshen ƙungiyar malamai shi kaɗai ya yi wannan. Gamayya ce, kuma abin da masu raino suka kawo cikinta shi ne shaidar da ba a saye da kuɗin talla.

Akwai masu cewa malami ba ruwansa da siyasa, kuma duk wannan kai-komo neman ƙarin albashi ne aka lulluɓe da sunan yara. Rabin farko na zargin doka ma ta yi masa iyaka: ƙungiya irin NAEYC, da yake ba ta biyan haraji, an haramta mata mara wa ɗan takara baya ko yaƙarsa, kamun ƙafa kan ƙuduri ne kawai aka yarje mata, shi ma da ƙima. Waɗanda suka yi aikin kayar da Smith wasu ne daban. Rabi na biyu kuwa gaskiya ne, malaman suna da muradi a ciki, kamar yadda likitoci da manoma da masu kamfanin mai suke da shi duk ranar da suka je majalisa. Tambayar da ta dace ita ce ko muradin nasu ya ci karo da na yaro. A maganar albashi bai ci ba, domin yaro ɗan shekara ɗaya yana koyon magana da natsuwa ne daga fuskar da ya saba da ita, kuma gidan da ke canza mai raino sau uku a shekara ya hana shi wannan. Inda muradin zai iya karkacewa shi ne maganar takardun shaida: reshen da mambobinsa masu digiri ne zai iya neman ƙa'idar da za ta kori matan da ke raino a cikin gidajensu, waɗanda su ne madogarar masu aikin dare da mutanen karkara. Wannan haɗari ne na gaske, kuma reshen da bai ba irin waɗannan mata kujera ba bai cancanci ya yi magana da yawunsu ba.

Suka mafi nauyi daga bincike take fitowa. Masu fafutika suna son ambaton gwajin Perry, wanda aka yi a Ypsilanti ta jihar Michigan daga 1962 zuwa 1967 kan yara 123, aka bi rayuwarsu har suka manyanta, aka ga waɗanda suka shiga ajin sun fi samun aiki sun kuma fi kauce wa gidan yari. Sai dai ƙaramin shiri ne mai tsada, da ƙwararrun malamai masu zuwa gidajen yaran duk mako. Da masu bincike na jami'ar Vanderbilt suka bi yara kusan 3,000 a shirin share fage na jihar Tennessee, sakamakon da suka fitar a 2022 ya nuna cewa zuwa aji shida waɗanda suka shiga shirin sun kasa takwarorinsu a jarrabawa, an kuma fi hukunta su kan rashin ɗa'a. A Boston kuma wani bincike ya gano shirin birnin ya ƙara yawan masu shiga jami'a. Duk wanda ya ɓoye Tennessee ya yi wa masu sauraronsa ha'inci. Amma abin da waɗannan sakamako masu saɓani ke nunawa shi ne sunan shiri ba ya koyar da yaro. Abin da ke koyar da shi yana cikin ƙananan layukan ƙa'ida: awa nawa na wasa, awa nawa na zama a jere ana bitar haruffa, yara nawa a ɗaki, wa ke duba malama. Ɗan siyasa yana yanke zaren buɗe aji ya tafi. Mai zama ya karanta waɗannan layuka bayan an kashe kyamara shi ne reshe.

Tsarin barin lamarin a hannun jihohi yana da aibin da ba a iya gogewa, wato yaron da aka haifa a jihar da rassanta ba su da ƙarfi, ko baitulmalinta ba shi da rijiyar mai, sai dai ya yi haƙuri. Mai karatu a Najeriya ya san wannan aibi, domin ginin iri ɗaya ne. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga hukumar UBEC, manufar ilimi ta ƙasa ta 2013 kuma ta sanya shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya. Amma kuɗin ba ya fita sai jiha ta zuba nata kason, kuma an sha ganin biliyoyin naira suna kwance a Abuja saboda jihohi ba su zuba ba. Ko an karɓo, hukumar SUBEB ta jiha da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ne ke yanke ko ajin 'yan share fage zai samu malamar da ta karanci fannin a kwalejin ilimi, ko kuwa za a tura masa duk wanda ya rage bayan an gama rabon azuzuwa.