Robar Babbar Jijiya: Matsalolin da Sikanin Bai Kawar Ba

Robar babbar jijiya wani siririn bututu ne mai laushi da likita ke zurawa ta jijiyar wuya, ko ta ƙarƙashin ƙashin da ya haɗa wuya da kafaɗa, ko ta matsematsi, har bakinsa ya kai babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya. Ana sa ta ne idan kanular hannu ta kasa: jijiyoyi sun ɓuya, ko ana bukatar magungunan ɗaga jini masu ƙona ƙananan jijiyoyi, ko majiyyaci zai daɗe bai ci ta baka ba. Aiki ne na manyan asibitoci. Mutumin Kasuwan Magani da taifot ya huda wa hanji, ko ya yi mummunan haɗari a hanyar Kaduna zuwa Kachia, zai fi cin karo da ita idan an tura shi irin asibitin koyarwa na Barau Dikko a Kaduna ko na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika.

Dabarar da ake bi ta wani likitan Suwidin ce, Sven-Ivar Seldinger, wanda ya bayyana ta a 1953: a soka allura, a zura waya ta cikinta, a zare allurar, sannan roba ta bi wayar. A da likita lalube yake yi da alamomin jiki. Yanzu na'urar sikanin, irin ta awon ciki, tana nuna masa jijiyar. Tun 2002 hukumar NICE ta Ingila ta ba da shawarar a riƙa amfani da ita wajen jijiyar wuya. Ta rage kuskuren allura sosai, amma ba ta kawar da shi ba.

A wuya, jijiyar da ake nema tana maƙwabtaka da wadda ke kai jini ƙwaƙwalwa. A allo, ta farko tana lotsewa idan an danna, ta biyu tana harbawa. Matsalar ita ce na'urar yanki ɗaya siriri take haskawa, don haka likita yakan ga jikin allura ya zaci tsininta ne, alhali tsinin ya riga ya ratsa bangon baya. Wanda ya zubar da jini ko ruwan jikinsa ya ƙare ya fi shiga wannan haɗari, domin jijiyarsa a shafe take kamar tiyon da babu ruwa. Idan allura kaɗai ta taɓa jijiya mai harbawa, dannawa kan wadatar. Idan robar ce ta shiga, ba a fizge ta. Sai an kira likitan tiyatar jijiyoyi, saboda jini na iya taruwa ya matse maƙoshi, ko gudansa ya haura ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Yawan gwadawa ma illa ne: bitar McGee da Gould ta 2003 ta nuna daga suka uku matsala takan ninka kusan sau shida.

Sai huhu, wanda kansa yake daf da gindin wuya. Idan aka huda shi, iska kan taru a ƙirji ta danne shi, abin ya fi muni ga wanda injin numfashi ke hura wa iska. Binciken da aka yi a Faransa, aka buga a 2015, ya gano hudar da ta kai ga sa bututun ƙirji a kashi 1.5 cikin 100 na masu robar ƙarƙashin ƙashi, da kashi 0.5 na masu ta wuya. Waya kuma idan ta zarce takan rikita bugun zuciya, wani lokacin a manta da ita a ciki, kuskuren da ƙirga kaya bayan aiki ke hanawa. Iska na iya bin roba ta shiga jini, shi ya sa ake sunkuyar da kan gado. Bayan an gama akan ɗauki hoton ƙirji a ga inda bakin robar ya tsaya.

Matsalolin da ke zuwa bayan kwanaki kuwa ba ruwansu da sikanin, kuma sau da yawa su suka fi kisa. Ƙwayoyin cuta kan bi roba daga fata su shiga jini, sai zazzaɓi da rawar sanyi, abin da a nan ake saurin ɗora wa maleriya. Jini kan daskare a jikin robar, hannu ko wuya ya kumbura. A jihar Michigan ta Amurka, aikin Peter Pronovost da aka buga a 2006 ya rage shigar ƙwayoyin cuta cikin jini da kusan kashi biyu bisa uku ta matakai marasa tsada: wanke hannu, lulluɓe majiyyaci da mayafi mai tsabta, goge fata da klohezidin, kauce wa matsematsi, da cire roba da zarar bukata ta wuce. Kan na'urar sikanin ma sai an sa masa riga mai tsabta.

Wajen cirewa, a kwance ake yi, majiyyaci ya riƙe numfashi, a danne wurin na wasu mintuna, sannan a rufe da filastar da iska ba ta ratsawa.