Littattafan da Suka Adana Fasahar Nok

Duk wanda ya tashi daga Kafanchan ya nufi Kwoi a ƙasar Jaba, yana taka ƙasar da ta binne wasu daga cikin tsofaffin mutum-mutumin yumɓu na Afirka. A ƙauyen Nok masu haƙar kuza suka fara tono su a 1928. Daga baya wani kan yumɓu da aka samu a Jama'a, wanda aka kafa a gona don korar tsuntsaye, ya kai hannun masanin kayan tarihi Bernard Fagg a Jos, ya gane cewa salonsu ɗaya ne.

Littafinsa, Nok Terracottas, ya fito a 1977. A 2014 kuma Peter Breunig na Jami'ar Frankfurt a Jamus ya shirya wani babban littafi bayan shekaru ana tono a yankin. A shafukansu nake ganin idanu masu kusurwa uku, hudaddun ƙwayoyin ido, kitso iri-iri da duwatsun wuya.

Ɓarayi sun kwashe da yawa daga cikin kayan nan zuwa Turai, littattafan kuma da Turanci suke, ga tsada. Ina roƙon marubutanmu su rubuta irinsu da Hausa da Hyam, harshen Jaba, don yaran Kwoi da Kafanchan su karanta a makaranta.